Wai da gaske akwai ƙasar da ake barin shanu su yi kiwo cikin gandun dajin gwamnati?

ɗanSamaru ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni ga wanda ya san ƙasar Hangari ko ya taɓa zama can, ko ma duk wanda ya karanci harkar gandun daji. Wani abokina da muke aji ɗaya a ABU yana neman sukolashif ɗin nan na gwamnatin Hangari, to tunda ya fara cike takardu ba shi da zance sai na ƙasar, jiya da daddare a teburin mai shayi ya nuna mana wani bidiyo a waya wai wannan shi ne gandun dajin da suka fi ji da shi. Ni dai abin da na gani fili ne fetal, ba bishiya ba dutse ba giwa balle zaki, sai wasu shanu farare-farare masu dogayen ƙaho da makiyayi da sandarshi da karenshi, can gefe kuma rijiya da jigo. Na ce mashi malam wannan ai ruga ne ba gandun daji ba, ya rantse gandu ne na ƙasa mai doka da ma'aikata da komai, wai har Majalisar Ɗinkin Duniya ta san da zamanshi. Musu ya kaure har mai shayin ya sa mana baki.

Abin da ya ɗaure min kai, mu nan in aka ce gandun daji to an hana kiwo an hana sara an hana farauta, makiyayi in ya kora shanu cikin Yankari kama shi za a yi. To ya za a ce wuri an kare shi kuma shanu na ciki suna ci? me ake karewa kenan? Kuma in gaskiya ne me ya hana mu yi irin haka ko a samu sauƙin wannan rigima ta manoma da makiyaya? Wanda ya sani ya warware min.

YaronKwangila ya rubuta:

Hhhh ashe Turawa ma suna da nasu Fulanin. Kai dai ka lalubi aljihu ka biya kuɗin shayin kawai, daga ji an cinye ka.

Bazazzagi_a_Debresen ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba ɗan'uwa. Ni a Debresen nake karatu, birni na biyu a girma bayan Budafes, wurin da ka gani kuma sunanshi Hortobaji, wajen kilomita 40 ne daga nan, jirgin ƙasa ma na tsayawa a ƙauyen. Shi ne gandun ƙasa na farko da suka buɗe, a 1973, faɗinshi wajen murabba'in kilomita 800, ka ga ko Kamuku namu na Birnin Gwari ya fi shi girma. Yanzu guda 10 gare su, a ƙasar da duka-duka ninki biyu ce na jihar Kaduna. A 1999 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren gado na duniya, kuma ba don wani naman daji aka sa shi ba, don kiwon ne kanshi, sun ce sama da shekara 2000 ana kiwo a wannan filin ba a daina ba.

Tambayarka ta me ake karewa, amsar tana cikin ƙasar wurin. Ƙasa ce mai kanwa, in rani ya yi za ka ga fari-fari ya fito a doron ƙasa inda ruwa ya janye, bishiya ba ta son wurin, hatsi ma ba ya yin kirki. Da can kogin Tisa ne ke ambaliya ya malale filin duk shekara, sai a ƙarni na 19 aka yi mashi ganuwa aka miƙar da shi, wurin ya ƙara bushewa. Abin da ke fitowa gajeriyar ciyawa ce sai fadamu nan da can. Ruwan sama ma kaɗan ne, milimita 500 da ɗan wani abu a shekara, kusan rabin na Zariya. To tsuntsayen da ke yin ƙwai a ƙasa gajeriyar ciyawar nan suke so, da taɓon bakin fadama inda kofato ya tattake, da ƙwarin da ke bin kashin shanu. Ka cire shanu shekara kaɗan, busasshiyar ciyawa ta taru ta danne sabuwa, dogon kara ya rufe fadama ruf, tsuntsayen su tashi. Sun gani da idonsu bayan faɗuwar gurguzu wajen 1990 da dabbobi suka ragu sosai a ƙasar. Shi ya sa matsalarsu a wurare da yawa ba yawan kiwo ba ce, ƙarancinshi ne, har ɓauna irin ta gida suke sakawa a fadama don ta kutsa ta buɗe karan.

Amma kar ka ɗauka sakaka ne kowa ya koro garkenshi ya shiga. Yawancin filin na gwamnati ne, hukumar gandun ke riƙe da shi, ofishinsu ma a nan Debresen yake. Haya ake ba ka, a takarda, an faɗi iyakarka an faɗi yawan dabbar da za ka sa. Kowace saniya da lamba a kunnuwanta biyu kuma tana cikin kwamfuta tun tana 'yar maraƙa. Ba a huɗa, ba a zuba takin zamani. In za ka yanki ciyawa ka adana sai lokacin da aka yarda, kuma daga tsakiyar fili za ka faro ka yo waje don zomo da 'yan tsaki su samu hanyar gudu, sannan dole ka bar wani yanki tsaye ba ka yanka ba. Wajen ƙarshen Afrilu ake fito da dabbobi, in sanyi ya kawo kai a mai da su gida a ci gaba da ba su ingiricin da aka tara. Akwai kuma wuraren da ko kai ɗan yawon buɗe ido ba ka isa ka taka ba sai da izini. A wani killataccen yanki da ake kira Pentezug sun saki dawakin daji irin na Mongoliya tun 1997, ba mai hawansu ba mai ba su abinci, yanzu sun kai ɗaruruwa.

Ranar fito da su ɗin nan biki ne guda, na je na gani. Akwai wata tsohuwar gada mai baki tara da aka gama a 1833, tsawonta mita 167, ta kanta ake koro garke. Makiyayan sanye da shuɗin kaya masu faɗi, baƙar hula da gashin tsuntsu a soke, masu dawaki da doguwar bulala in suka kaɗa ta sai ka ɗauka bindiga aka harba, amma ba ta taɓa dabbar, ƙarar ce kawai. Karen ɗan ƙarami ne baƙi, gashi ya rufe mashi ido, amma da makiyayi ya yi fito ya nuna da sanda sai ka ga ya zagaye garke ya dawo da wadda ta ɓalle. Shanun kuma wlh ka rantse Bunaji ne in ba don ba su da tozo ba, bijiman wuyansu da ƙirjinsu ya fi duhu. Maraƙin ja-ja ake haifarshi sai ya yi 'yan watanni ya rikiɗe ya koma toka-toka. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce a ƙafa ake kora su har kasuwannin biranen Biyana ta Ostiriya da Nurambag ta Jamus da Benis ta Italiya, amma da tarakta ta zo kuma aka koma shanun madara, a shekarun 1960 saura 'yan ɗaruruwa suka rage a duniya gaba ɗaya. Wannan filin na cikin inda aka riƙe irin har ya farfaɗo. Tumakinsu ma abin kallo ne, ƙahon a miƙe yake sama amma a murɗe.

Jigon da ka gani kuwa jigo ne sak, doguwar sanda a kan gwafa, nauyi a gindi guga a baki, sai dogon komi na shayarwa. Da can har saƙo suke aikawa da shi, yadda aka bar sandar a tsaye ko aka rataya wani abu a kai, na nesa ya gane abinci ya nuna ko hukuma ta iso, don filin shimfiɗe yake kana hango abu daga nisan duniya, in zafi ya yi har kawalwalniya ake gani.

Baba_Gandu ya rubuta:

Yarana sannunku. Na ji daɗin bayanin ɗana na Turai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Amma ni da na ƙare ƙuruciyata a aikin daji har na yi ritaya bari in ja muku birki kafin wani ya ɗauki wannan zance ya ce a buɗe Yankari.

Wurin da ya kwatanta fili ne da shanu suka yi shi, babu giwa babu zaki babu kura. Namu dajin bishiya ne, kuma abin da garke ke yi a cikinshi daban ne. Da rani in ciyawa ta ƙare makiyayi sama yake kallo, ya hau maɗaci ko kawo ko madobiya ya sassare rassan dabba ta ci ganye, bana a sare baɗi a sare, bishiya ba ta samun yin 'ya'ya balle a samu 'yan ƙanana masu tasowa. Ga wuta da ake sakawa don sabon toho. Ga cuta da ke tsallakawa tsakanin shanu da ɓauna a mashaya ɗaya. Mafi muni in zaki ko kura ta kashe saniya sai a barbaɗa guba a mushen, duk abin da ya ci ya mutu har ungulu. Ba labari aka ba ni ba, na tsaya a kan irin wannan mushe na toshe hanci ina ƙirga gawar tsuntsaye.

Kuma ba mu rasa gwada zama tare ba. A Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandu girma a ƙasar nan, an ware wa makiyaya da manoma wasu unguwanni a kan tsaunuka a cikin gandun, doka ta san da su. Abin da ke ba da wahala shi ne yawa. Ka yarda da garke goma, bayan shekara biyar ka tarar da hamsin, na dangi da na baƙi da na masu kuɗin birni da suka ba da kiwo, wa zai ce wa wani fita?

Don kar a ce na ɗora wa Fulani laifi su kaɗai, masu gawayi da masu yankan madobiya ana lodawa zuwa Sin da masu haƙar zinare da manoman da ke cin iyaka taku-taku duk sun fi saniya ɓarna a wasu wuraren. Sannan mu kanmu ma'aikata, na yi zama a wani ofishi da babur ɗaya ne tak gare mu na sintiri, man ma daga aljihunmu. Kamuku tun 1936 yake a matsayin gandu, a 1999 ya zama na ƙasa, yau wa zai ɗauki iyalinshi ya ce za shi kallon gwanki a can? Kowa ya san waɗanda suka mamaye dazukan Birnin Gwari. A 2020 an amince da ƙarin sabbin gandaye 10 har da Falgore, kan 7 da ake da su, to madalla, amma takarda ba ta sintiri.

Jikan_Arɗo ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa akwai shi, ban musa ko ɗaya ba, har gubar ma na san ana yi kuma abin kunya ne. Sai dai ina so a lura da abu ɗaya a bayanin ɗan'uwanmu na Debresen wanda ni shi ya fi tsaya min. Makiyayin can ya san inda zai kwana baɗi. Filin da ya yi haya nashi ne har wa'adin ya cika, ba wanda zai wayi gari ya tarar an huɗe shi an shuka masara. Mutumin da ya san nan zai dawo shi ne zai bar wani gefe ya huta. Mu kuwa wanda ya bar ciyawa yau gobe wani ne zai cinye, to don me zai bari?

Ni a wajen Shika na tashi, aikin dabbobi kuma nake yi yanzu. Burtalin da kakana ke bi da shanu yau wani wurin gona ne wani wurin gidan bulo ne har da get. Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar wuraren kiwo, ana lissafa sama da 400 a ƙasar nan, amma mafi yawansu ba a ma kammala musu takardar doka ba, waɗanda aka yi wa ɗin ma je ka gani, dam ya cike da yashi, famfo ya mutu. Ladduga ta Kachia ce ake ɗan nunawa. To in an toshe burtali an cinye makiyaya, ina ya rage in ba gandun daji ba? Ba son zaki ne ke kai mutum can ba.

Sai maganar ruwa. Ya ce ruwansu rabin namu ne, kun ji fa. Kenan ba ciyawa muka rasa ba, ajiya muka rasa. Su lokacin wahalarsu sanyi ne namu rani ne, su suna yanka su tara, mu a watan Satumba gamba da kyasuwa sun fi mutum tsawo a bakin hanyar Funtuwa, zuwa Disamba an banka musu wuta saboda ɓera da gafiya, zuwa Maris ana sayen buhun harawa da dusa da tsadar da sai ka sai da tunkiya ka ciyar da saniya. Kuma ba ilimin ne babu ba, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI nan a Shika shekara da shekaru suna aiki kan ciyawar shukawa da yadda ake adana ta, tun shekarun 1980 aka gwada killace 'yar gona a shuka wa shanu abincin rani a kudancin Kaduna. Amma wa zai kashe kuɗi ya kafa shinge a filin da ba shi da tabbas a kai?

Inda za mu sha wuya, kuma wannan mutanena nake faɗa wa, ita ce ƙidaya. Tun zamanin jangali Bafulatani ya koyi cewa duk wanda ya zo ƙirga maka shanu ba alheri ya kawo ba. Ka ce za ka huda kunnen saniya ka sa lamba ka shigar a kwamfuta, sai an yi zama da arɗo-arɗo ba sau ɗaya ba. Kuma a wurinmu garke shi ne banki shi ne sadaki shi ne gado, ka ce wa mutum ya tsaya a 40 alhali yana iya 100 sai ka nuna mashi abin da zai samu a madadin. Ɗan'uwa na Debresen, su me ake ba su? don na san ba don Allah suke bin dokar nan ba.

Ni ban ce a buɗe Yankari ba Baba. Cewa na yi a gyara wuraren kiwon da ke kewaye da gandaye a yi musu irin wancan tsarin, sai ka ga mai shiga gandun ya ragu.

'YarKongo ta rubuta:

Sallama gare ku. Ni tsuntsayen ne suka jawo ni cikin zancen nan, ina koyar da bayoloji a sakandare. Hortobaji sananne ne a wurin masu kallon tsuntsaye, an ga iri sama da 300 a wurin, kuma duk kaka wajen Oktoba wasu 'yan'uwan gauraka da ke saukowa daga arewacin Turai suna yada zango a can, a shekaru da yawa suna haura 100,000. Ku tsaya ku yi tunani, mu gauraka ce tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, amma a ajina da na tambaya babu yaro ko ɗaya da ya taɓa ganinta a daji, sai wanda ya gani a gidan wani mai kuɗi an yanke mata fiffike. Haka ungulu, mu da muna yara ba a rasa su a kan rufin mahauta, yanzu ku duba sama in kun je kasuwa.

Kuma abin nasu da namu a haɗe yake. Galantoyin da ke sheƙa a kan turakun lantarki a ƙauyukan Hangari, har ƙarfe ake ɗora mashi a saman turken don kar waya ta kashe shi, in sanyi ya matso ta Turkiyya da Masar yake bi ya gangaro Sudan da Chadi wasu har Afirka ta Kudu. Agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsaye na Turai kuma a fadamar Haɗeja da Nguru suke cin rani. To su kare can mu a nan a kama a soya, aikinsu ya tafi a banza.

Baba ina ganin misalin da ya dace da wannan tsari ba Yankari ba ne, Haɗeja-Nguru ne. Fadama ce, da masunta da manoma da makiyaya a cikinta tun kaka da kakanni, ba mai iya fitar da su, kuma matsalar da ɗan'uwa ya faɗa ta kara ya rufe ruwa ita ce dai kachalla ke yi a can tunda madatsun Tiga da Challawa suka canza yadda ruwa ke zuwa. Malam na Debresen ka taɓa zuwa kallon gaurakin kuwa ko sai shanu?

Baba_Gandu ya rubuta:

'Yata wannan kin faɗi daidai, fadama da fili daban daji daban. A fadama zan yarda a gwada. Jikan Arɗo kai ma na ji ka, amma ka fara shawo min kan mutanenka su yarda a ƙirga, in ka iya wannan ni zan raka ka har Kaduna da takardar.

Bazazzagi_a_Debresen ya rubuta:

Malama na je kam. Da la'asar sakaliya ake zuwa, a tsaya nesa a bakin tafkunan kifi da aka haƙa tun lokacin yaƙin duniya na ɗaya, akwai ma ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da ke shiga da mutane. Da rana suna gonakin masara da aka girbe suna kala, rana na faɗuwa sai su fara dawowa layi-layi, kafin ka gan su kukan ya riga ya cika maka kunne, su sauka cikin ruwa mara zurfi su kwana a tsaye don dila da yanyawa ba sa iya cim musu a nan. Sanyi ya ci ƙaniyata ranar, yatsuna ko hoton kirki ban iya ɗauka ba.

Jikan Arɗo ka harbo inda ya dace, kuɗi ne. Tunda suka shiga Tarayyar Turai a 2004 kusan kashi 21 cikin 100 na ƙasar ya shiga wani tsarin kariya da ake kira Natura 2000, wanda ya wuce gandayen nan 10 nesa, har gonaki da makiyayar mutane ya haɗa. In filinka na ciki ana biyanka a kan kowace hekta saboda dokokin da aka ɗora maka, in ka karya a yanke. Ba don wannan tallafin ba da yawa da sun watsar, don ko yanzu samari ba sa son aikin, yawancin makiyayan da za ka gani manya ne kuma albashi ake biyansu, shanun ba nasu ba ne. Wani ɓangaren ma gsky wasa ne na 'yan kallo, mutum ya tsaya a bayan dawaki biyu yana korar uku a gaba, wannan ba kiwo ba ne, neman kuɗin baƙi ne. Abin da ya burge ni dai masana tsirrai na jami'a suna zama da tsofaffin makiyayan nan suna rubuta abin da suka sani, wace ciyawa ake fara ci, wace sai raɓa ta sauka, wane wuri ba a shiga bayan ruwa.

Kuma kar Baba ya ɗauka aljanna nake kwatantawa. Su ma sun yi ɓarnarsu. A shekarun 1950 gwamnatin gurguzu ta ce sai an noma shinkafa a filin, aka yayyanka shi da magudanai, abin bai yi ba, daga baya da kuɗin Tarayyar Turai aka bi ana cike ramukan don ruwa ya koma kwanciya inda ya saba. A wannan filin dai aka tsare dubban mutane a sansanonin aikin dole daga 1950 zuwa 1953, wani yanki kuma jiragen yaƙi sun daɗe suna gwajin bam a kai. Gubar da Baba ya faɗa ma akwai ta, ana samun gaggafa a mace, har karnuka aka horar masu shinshino guba. A 2023 wani kyarkeci da aka sa wa na'ura a wuya tun daga Suwizalan ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, yana shigowa arewacin Hangari aka bindige shi. A tafkin Ferto na kan iyakarsu da Ostiriya gwamnati da kanta ta fara wani katafaren ginin shaƙatawa a cikin gandu, aka yi ta surutu, daga baya aikin ya tsaya. Fari na 2022 kuma ya ƙone filin har ciyawar ajiya ta yi wuya. Bambancin dai in an yi ɓarna akwai wanda zai ƙirga ya rubuta ya kai ƙara.

ɗanSamaru ka gaya wa abokinka in Allah ya sa ya samu, ba Hortobaji kaɗai ba ne gandun da zai gani. A arewa akwai Agtelek mai kogon Baradla, wajen kilomita 25 a ƙarƙashin ƙasa har ya ɓulla Sulobakiya, akwai Buk mai duwatsu da dajin bishiya na sosai, a Kishkunshag kuma tudun yashi da tafkunan kanwa da tuje.

YaronKwangila ya rubuta:

To ni duk wannan dogon turanci, tambayata ɗaya ce, naman shanun nan ya yake? za a yi tsire da shi?

Bazazzagi_a_Debresen ya rubuta:

Hhh kai dai ba ka da magana sai ta ciki. Naman jawur ne ba kitse sosai, ya fi son doguwar dahuwa, irin farfesun nan nasu mai jan barkono da ake yi a tukunyar ƙarfe a rataye kan wuta asalinshi abincin makiyayan nan ne. Ya fi naman kanti tsada don ciyawa zalla dabbar ta ci, da wannan ma suke rage asara. Amma ni ban ci a can ba saboda maganar yanka, a shagon Larabawa ko Turkawa muke sayen nama a gari. Wanda zai zo kuma ya kiyayi busasshen naman da suke ɗurawa a hanji suna sayar wa baƙi a bakin gada, ko da hoton sa mai ƙaho a jikin ledar, yawanci da kitsen alade ake haɗa shi, sai ka juya bayan ledar ka karanta da manhajar fassara kafin ka biya.